Bayan Kaka Ta Rasu, Wa Zai Haɗa Jikoki?

Zumuncin da yaro ke yi da 'ya'yan baffanninsa da na gwaggonninsa ba shi ya shirya shi ba. Hutu ne ya zo aka kwashi yara aka kai gidan kaka, aka shimfiɗa musu tabarma ɗaya, aka zuba musu tuwo a kwano ɗaya. Sallah ta zo aka yanko musu yadi iri ɗaya aka kai wa tela ɗaya. Shi ya sa ba a cika lura cewa akwai mai ɗawainiyar haɗa kan ba, sai ranar da babu shi. Tsakanin shekara 18 da 30 ne ake watsewa. Wannan ya tafi jami'a a Zariya ko Sakkwato, wancan an tura shi bautar ƙasa Kudu shekara guda, wannan an kai ta ɗakin miji a wani gari, wancan yana jiran shago a Kantin Kwari tun safe har magariba. In kuma Allah ya karɓi ran tsohuwar da kowa ke zuwa gaisarwa, sai a wayi gari ba a haɗuwa sai a gidan biki ko wajen zaman makoki, a gaisa a tsaitsaye, a karɓi lambar wayar da ba za a kira ba.

Ƙaunar juna tana nan, mai shiryawa ne babu. A wannan shekarun kuwa aikin ya dawo kan samari da 'yan matan gidan, kuma aiki ne da ke son rana tsayayya, da gida, da ɗan kuɗi, da sanin inda za a tsaya.

A fara da rana, domin a nan yawancin shiri ke mutuwa. Duk taron da aka ce "za mu sa rana" ba za a yi shi ba. Abin da ke ɗorewa shi ne ranar da aka ɗaure ta a jikin wani abu da ba ya gocewa, kamar a ce Asabar ta farko bayan ƙaramar Sallah, kowace shekara, ko da mutum bakwai ne suka zo. Ranar Sallah kanta ba ta dace ba: kowa yana da gidan iyaye da gidan surukai da zai je, matan aure kuma suna fama da girki da baƙi. A Kano, a shekarun da ake hawa, rana ta biyu ta Hawan Daushe ce, ta uku ta Hawan Nassarawa, kuma wanda zai ratsa cikin gari a waɗannan ranaku ya san cunkoson da zai tarar. Babbar Sallah tana da nata lissafin. Kwana biyu ko uku na farko duk na layya ne, fiɗa da yanka da suya, ba matar da za ta bar kaskon suya ta tafi taro. Amma daga rana ta huɗu zuwa ƙarshen makon akwai riba babba: kowane gida yana da soyayyen nama, in aka ce kowa ya taho da ɗan kwano, an rage kuɗi mafi nauyi a cefanen. Gidan da ke da manoma a ƙauye kada ya sa taro a tsakiyar damina ko lokacin girbi, wanda ke da 'yan kasuwa ya kauce wa ranar kasuwar garinsu. Masu dangi a Maraɗi ko Damagaram su ba su labari aƙalla wata guda kafin ranar, saboda su tafiyarsu ta haɗa da tsallaka iyaka da canjin kuɗi.

Lokaci kuma daga bayan Azahar zuwa kafin Magariba. A yi La'asar tare, a ci abinci, a sallami masu nisa rana tana sama. Halin da wasu hanyoyinmu ke ciki bai bar wa kowa tafiyar dare ba, kuma matar auren da ta koma gida bayan Isha'i bana, da wuya maigida ya bar ta ta zo baɗi.

Gida ya fi ɗakin taro na haya. Gidan gado, ko gidan babban wan iyaye, shi ne wurin da ba wanda zai ce an fifita wani ɓangare. In aka kai taron gidan wanda ya fi kowa kuɗi, shekarar farko za a cika, a ci a sha, amma daga nan taron ya zama nasa, marasa ƙarfi su fara jin kamar maula suka zo, a shekara ta uku sai ka ga sun janye ba tare da sun ce komai ba. Idan za a riƙa zagayawa gida-gida, to a ɗauke wa mai masauki nauyin abinci gaba ɗaya, shi nasa tsakar gida da ruwan alwala. Kuma a nemi izinin dattijon gidan baki da baki, a durƙushe, ba ta saƙon waya ba.

Ga lissafin mutum 40, wanda shi ne abin da jikokin kaka ɗaya da ƙananan 'ya'yansu kan kai a gida matsakaici. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ciyar da manya bakwai zuwa takwas, saboda haka kilo shida ya isa, har a sami na zuba wa maƙwabta. A auna da kilo, domin kwano da mudu sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Kaza matsakaiciya tana ba da yanka takwas, biyar ko shida sun wadatar. Jakar fiya wata tana da leda 20, kuma a lokacin zafi a ƙiyasta wa kowa uku, jaka shida ke nan, ban da ruwan alwala da butoci aƙalla huɗu. Zoɓo ya fi kunun aya aminci a irin wannan taro. Kunun aya in ba ƙanƙara cikin 'yan awoyi yake tsami, kuma ba abin da ke ɓata sunan taro kamar a ce washegari rabin dangi sun kwana zawo. Dafa-duka ta fi shinkafa da miya sauƙin rabo, tukunya ɗaya ce, ba kuma gardamar wa aka cika wa miya. A zuba a manyan farantai, mutum biyar-biyar, maza gefe mata gefe, a ware na yara da wuri kafin su fara kuka. Cin nan tare a faranti ɗaya yana daga cikin abin da aka zo nema. In aka raba wa kowa a robar tafi-da-gidanka, kowa zai riƙe tasa a hannu yana duban ƙofa.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a bar wa mata biyu ko uku girkin duka, su shiga madafi tun hantsi, su fito bayan an watse, ba su zauna da kowa ba. Samari su ɗauki cefane, faskaren itace ko sayo gawayi, ɗebo ruwa, shimfiɗa da naɗe tabarmi, da sharar tsakar gida bayan an tashi. In aljihu zai ɗauka, a ɗauko mai girki a biya ta.

Sai kuɗi, wanda shi ne ya fi raba 'yan'uwa. Karo-karo na bai-ɗaya ba adalci ba ne a gidan da ke da ma'aikacin banki da ɗalibin aji biyu da mai jiran aiki. Abin da ya fi tafiya shi ne a raba mutane rukuni uku: mai albashi ko kasuwa tsayayya ya ba da kaso uku, mai ɗan abin yi kaso ɗaya, ɗalibi da marar aiki su biya da jikinsu. Kada a buga sunayen waɗanda ba su biya ba a gaban kowa. Ma'aji ya bi su a keɓe. Wanda aka kunyata kan naira dubu biyu zai iya ƙaurace wa dangi shekara biyar.

Daga taron shekara ne akan ce a buɗe asusun zumunci, kuma abu ne mai kyau in an yi masa ƙa'ida tun ran farko. Kuɗin wata ya zama kaɗan, wanda mafi ƙarancin samu zai iya biya ba tare da ya ji a jikinsa ba. A rubuta abubuwan da asusun ke fitar wa kuɗi, misali rasuwa, kwanciya asibiti, haihuwa da aure, kowanne da adadinsa tsayayye, don kada a ba ɗan gidan wane fiye da ɗan gidan wane a ce an yi son kai. Mutum biyu su riƙe: ɗaya kuɗi, ɗaya littafi, kuma kada su fito ɗaki ɗaya. Kuɗin ya zauna a asusu na daban, na banki ne ko irin su OPay da Moniepoint, ba a cikin asusun da ma'aji ke cefanen gidansa ba. Yawancin ma'ajin da suka ji kunya ba ɓarayi ba ne, sun taɓa ne da niyyar mayarwa ƙarshen wata. A ƙarshen kowane wata a nuna wa kowa abin da ya shiga da abin da ya fita. Babbar ƙa'ida kuwa, ba a ba da rance daga asusun. Ranar da aka ranta wa mutum ɗaya jari, an buɗe ƙofar da ba mai iya rufewa, domin ba wanda zai iya kai ɗan baffansa gaban alƙali, shi ma kuma ya san haka. Masu son adashi su yi abinsu daban, da sanin cewa a adashin mutum goma, wanda ya ɗauka a wata na biyu ya riga ya karɓi kuɗin wata takwas da bai zuba ba tukuna. A sa waɗanda aka fi amincewa da biyansu a farko, ko da ransu bai so a faɗi dalilin ba.

Haka rance tsakanin mutum biyu. In ɗan'uwa ya tambaye ka dubu hamsin, kai kuma ka san halinsa, ba shi dubu goma kyauta ka ce iyakar ƙarfinka ke nan ya fi ka ba shi hamsin ɗin ku daina gaisawa.

Zauren WhatsApp yana taimako, amma shi ma yana son tsari. A yi biyu: ɗaya na sanarwa wanda shugabanni kaɗai ke iya rubutu, ɗaya na hira. In aka haɗa su, sanarwar suna za ta nutse a ƙarƙashin saƙon barka da Juma'a guda sittin. Abu uku ke tarwatsa zauren dangi: siyasa, gardamar Izala da Ɗariƙa, da labarin mutuwa da aka saka kafin a sanar da 'ya'ya da matan mamaci. Na ukun nan ya fi ciwo. Ba daidai ba ne mace tana gidan mijinta a wani gari ta buɗe waya ta ga hoton mahaifinta da "Allah ya jiƙan Baffa". A kira makusanta tukuna, sannan a rubuta. Hoton matar wani kuma ba a saka shi sai da yardarta. Ko da zauren ya yi kyau yaya, bai ɗauke wa kowa zuwa gaisuwa ba, zumunta a ƙafa take. Gwaggon da ba ta karatun boko ba ta san ka tura mata alamar addu'a ba.

Gaisuwar manya tana da jeri, kuma tsofaffi suna lura da shi fiye da yadda matasa ke zato. Ana fara wa da babba. In ka shiga gari ka je gidan ƙaramin baffa kafin babban, labari zai riga ka isa. A gidan da ke da mata biyu ko uku, a shiga kowane ɗaki, a fara da uwargida, tsarabar da aka kawo kuma kada ta nuna bambanci: sabulu ne, sukari ne, goro ne, lemo ne, a raba daidai. Ziyarar minti ashirin da aka zauna a ƙasa aka ce "Gwaggo, ina wuni, ya ƙarfin jiki, ya ƙafar taki?" aka kuma saurari amsar, ta fi ta awa biyu da aka yi ana latsa waya. A kula da dangin uwa kamar yadda ake kula da na uba. Samari sukan karkata ga gidan da suka tashi, su manta da kawunnai da innoni sai ranar da ake neman wanda zai raka neman aure.

Akwai kuma rigimar da aka gada. Kusan kowane babban gida yana da ita: gonar da ba a raba ba, gidan gado da wani ya zauna a ciki shekara ashirin, 'yan'ubancin da ya faro tun daga kishin kakanni. Shawarata ga matasa ita ce kada su ɗauki shari'ar da ba su ga farkonta ba. Kowa ɓangare ɗaya ya ji, daga bakin uwarsa ko ubansa. Taron jikoki ba wurin rabon gado ba ne, wannan na malamai ne da dattawa da kotu. A gayyaci 'ya'yan kowane ɗaki, har da na baffan da ba ya magana da mahaifinka. In wani ya tayar da zancen, wanda ya fi shekaru a cikinku ya ce, "Wannan maganar manya ce, ba da ita muka zo ba," a wuce. Hadisin da Bukhari ya ruwaito ya nuna cewa mai sada zumunci na gaskiya shi ne wanda in an yanke masa sai ya sadar, ba mai ramawa kawai ba, kuma a irin wannan wuri ne ake gane wanda ya fahimce shi.

Wasan taubasai shi ne gishirin taron. Ɗan mace da ɗan namiji, wato 'ya'yan wa da ƙanwa ko na ya da ƙane, al'ada ta ba su damar tsokanar juna ba a yi fushi ba, har da karɓar kuɗin shara a watan Cika-ciki. Wasa ne da ke narkar da nauyin da shekarun rabuwa suka kawo, mutum biyu da suka yi shekara shida ba su haɗu ba, da zolaya ɗaya sai su koma kamar jiya suka rabu. Amma abin da ya yi daɗi ana shekara goma ba lallai ya yi ana ashirin da bakwai ba. Ba a wasa da rashin haihuwa, ko jinkirin aure, ko mutuwar aure, ko rashin aiki, ko faɗuwa jarrabawa. Wadda aka ce wa "ke har yanzu ba mashinshini?" a gaban mutum arba'in za ta yi dariya, amma baɗi za ta ce ba ta da lafiya. Kuma in taubashiyarka ta yi aure, wasan ya ragu, a gaida mijinta da mutunci, a daina kiran dare.

Wannan ya kawo mu ga abin da ake yawan kawar da kai a kansa. 'Yar baffa, 'yar gwaggo, 'yar kawu da 'yar inna ba muharramai ba ne. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta jero matan da aure ya haramta da su, kuma waɗannan ba sa ciki. Tashi gida ɗaya da kiran juna Yaya bai canja hukuncin ba. Don haka keɓewa a ɗaki, da shiga ɗakin 'yan mata ba sallama, da kwana a falo ɗaya lokacin biki, duk abubuwa ne da masu shirya taro za su yi wa tanadi tun kafin baƙi su iso: ɗakin maza daban, ko a zaure ko a gidan maƙwabta. Abin da ke canja hukunci shi ne shayarwa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita aka fi bi a ƙasar Hausa, ko sau ɗaya jariri ya sha nonon mace a cikin shekara biyun shayarwa, ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka sun zama 'yan'uwansa. Amma shi kaɗai, wansa ko ƙanensa da bai sha ba abin bai shafe shi ba. A manyan gidaje inda matan wa da ƙane ke karɓar wa juna jarirai, wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato, kuma tsofaffin mata ne kawai suka san wa ya sha nonon wa. A tambaye su tun suna raye.

In kuma shaƙuwa ta kai ga maganar aure, abu na farko gwajin jini ne, tun kafin manya su shiga, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Idan namiji AS ne mace ma AS, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar sikila a jininsa ba tare da yana ciwon ba, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. Lissafin a kan kowane ciki yake, ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai samu ba, ana iya jera uku. 'Yan'uwan da suka haɗa kaka sun fi bare yiwuwar ɗaukar abu iri ɗaya, tunda daga tushe ɗaya suka gada. A yi gwajin a wuri biyu daban, domin ana samun kuskuren sakamako. A Jihar Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure. Sannan su biyun su tambayi kansu abin da zai faru in auren bai ɗore ba, domin sakin bare gida biyu yake rabawa, sakin zumunci kuwa yakan raba wa da ƙanwarsa.

Wani nau'in zaman da matasa ke yi da dangi shi ne sauka a gidan kawu ko baffa a birni, don karatu ko neman aiki ko koyon kasuwa. A faɗi tsawon zaman tun ran da aka zo, wata uku ne ko zangon karatu ɗaya, in ya ƙare a sake neman izini. Mai gidan na gaskiya a wannan zaman matar kawu ce, ita ke auna abinci, ita ke ganin wanda ya bar kwano ba wanki. A ɗauke mata wani aiki tsayayye ba sai ta faɗa ba, kai yara makaranta ne ko sayo gas ko jan ruwa. A san lokacin rufe ƙofa. Kada a kawo abokai su kwana. Abin da ka gani a gidan kuma ya tsaya a gidan. Yaron da ke kiran uwarsa kullum yana ba ta labarin abin da aka dafa da abin da aka saya wa wane, shi ke haɗa faɗan da zai fi zamansa tsawo. Ranar da ka fara samu, ko buhun shinkafa rabi ne ka shigo da shi.

A wajen taron kansa, a ware rabin awa a zaunar da wanda ya fi kowa tsufa, a kunna na'urar ɗaukar murya ta waya, a tambaye shi salsala: sunan kakan kaka, garin da aka taso, dalilin tasowa, sana'ar gidan, wa ya auri wa, su wane ne dangin da ke wani gari da aka daina zuwa. Mutum ɗaya ya zana a babbar takarda, a ɗauki hotonta a tura wa kowa. A nemi sunayen yanka, domin a gidan da aka yi ta mayar da sunan kaka za ka tarar da Abba huɗu da Ummi biyar da Baffa uku, kuma akwai jikokin da ba su san ainihin sunan kakarsu ba saboda kunya ta hana iyayensu faɗa. Tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, don haka a sa wani dattijo a gefe ya cike waɗannan. Kafin a tashi a sanar da ranar baɗi da gidan da za a yi, a kuma damƙa shirin a hannun mutum biyu sababbi, namiji da mace, daga ɗakuna daban.